Rawanin da Bai Sha Iska Ba

A cikin birnin Kano, ba nisa da Ƙofar Mata, akwai wani gida mai zaure biyu da na taso ina shiga kamar gidanmu. Mai gidan abokina ne tun muna rataya allo. Yanzu Alhaji ne, yana da shago a Kantin Kwari, atamfa da shadda da leshi. Ba zan faɗi sunansa ba. Mahaifiyarsa ma ba ta faɗa, don shi ne ɗanta na fari. Duk unguwa Iya ake ce mata. Tun da nake ban taɓa jin ta kira shi ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ido da ido ta yi masa faɗa ba. In tana da magana da shi sai ta samu wani ta gaya masa, shi kuwa yana gefe yana ji. Sau da yawa ni ne wanin.

Alhaji yana son 'ya'yansa su yi karatun addini, wannan ba mai ƙwace masa. Babban ɗansa namiji, mai shekara 12, da safe yana boko, da la'asar yana Islamiyya, Asabar da Lahadi kuma tun da hantsi yana ajin hadda. Kuɗin makaranta ba ya kwana a aljihun uban. Yaron kuwa Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa. Ya kusa kai ƙarshen izifi 60, ya haddace Arba'una Hadis, ya sauke Ahalari ya shiga Ishmawi. In ya ja baƙi a zaure da tajwidinsa, masu wucewa kan rage tafiya. An riga an fara shirin walimar sauka. An ba da aikin allo mai zayyana, an kai hoto wurin masu buga kalanda, buhunan shinkafa suna jingine a ɗakin ajiya.

Wannan ce Islamiyyarsa ta uku. Ta farko Alhaji ya cire shi don ya ji ya yi ashar, ya ce yaran unguwa ne suka koya masa. Ta biyu don an kawo ƙarar ya ɗauki biron wani ya musa, ya ce malaman ba sa sa ido.

Alhamis da Juma'a babu Islamiyya, kamar yadda aka gada daga makarantun allo. Don haka ranar Alhamis in an taso daga boko akan kai yaron Kwari ya zauna wurin ubansa, idonsa ya saba da kasuwa. Ni ma na sha zama a shagon nan, na kuma sha jin yadda sunan Allah yake zama kamar almakashi, abin aiki da ake ɗauka a yanka a ajiye. "Wallahi Hajiya ko uwar kuɗi ban mayar ba." "Na rantse da wanda raina ke hannunsa, jiya aka sauke ta daga Kwatano." In mai saye ta ba da baya, yaran shago su dubi juna su yi murmushi. Yaron yana zaune kan tulin shadda, yana kaɗa ƙafa, yana kallo. Ban taɓa cewa uffan ba, kuma wannan shirun nawa har yau yana ci mini rai.

Saura mako uku walima malamin ajinsu ya aiko yana son ganin uba. Motar Alhaji tana wurin bakanike, ni na goya shi a babur.

Malamin matashi ne, siriri, mai sanyin murya. Ya shimfiɗa mana tabarma a ofis, ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya fara. Yaron ya sayar wa wani ɗan ajinsu agogon hannu naira 2,000. Ya rantse masa sau uku sabo ne, kawunsa ya kawo masa daga Makka. Kwana biyu agogo ya tsaya. Ashe tsohon agogon wani yaron shago ne da aka sa wa batir.

Ya ce, "Alhaji, ba kuɗin ne ya sa na nemi ganinka ba, an mayar wa mai shi. Na kira shi ni da shi na ce, kai da ka karanta farkon Ahalari, inda tun ba a zo maganar tsarki da salla ba aka fara da tsare harshe da haramcin ƙarya, yaya za ka kira sunan Allah a kan abin da ka san ba haka yake ba? Bai sunkuyar da kai ba, bai kuma yi gardama ba. Dubana ya yi ya ce, 'Malam, ai wannan rantsuwar ciniki ce, ba ta gaske ba ce.'"

Ya ɗan yi shiru yana murza yatsunsa.

"Ni a abin da aka karantar da ni, har Risala, ban ga wannan kason ba. Akwai rantsuwar da in an karya ake yi wa kaffara, a ciyar da miskinai goma ko a tufatar da su, in babu hali a yi azumi uku. Akwai wadda mutum ya yi yana zaton abin haka yake. Akwai kuma ta ganganci a kan ƙarya, wadda malamai ke kira gamusu don tana tsoma mai ita cikin zunubi, a mazhabarmu ba ta da kaffara, sai tuba. Abin da ya tsorata ni, Alhaji, yaron nan bai san ya yi laifi ba. Da yana jin kunya da na san ta inda zan kama shi."

Na ga jijiyar goshin abokina ta tashi. Ya ce, "To Malam, ku me kuke koya musu? Wane wata na taɓa tsallakewa ban biya ba? Ni da nake fita tun safe ban dawowa sai bayan isha, yaushe na gan shi da zan ɓata shi? Na kawo muku shi ne ku gyara, ba ku kira ni ku karanta mini Risala ba." Malam bai mayar ba, haƙuri kawai ya yi ta bayarwa har muka sa takalma. A hanya Alhaji yana bayana yana ta faɗa cikin iska. Ya ce ya gama shawara. Da an yi walima zai kai yaron makarantar haddar kwana a bayan gari, inda ba fita, ba ganin kowa, dare da rana yana cikin karatu.

Mun isa gida an idar da magariba. Iya tana ƙofar ɗakinta a kan buzu, carbi a hannu, jikan nata yana jingine da ita. Labari ya riga mu isowa, don ƙanwar yaron makarantarsu ɗaya. Aka kawo mana tuwo da miyar kuka a tsakar gida. Alhaji yana ci yana maimaita mini maganar makarantar kwana da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Iya ta dafa kan jikanta ta ce, "Maigida, tashi ka kai wa uwarka kwanon nan. Kada ka dawo sai na kira ka." Da ya ɓace ta juyo wajena. "Kai ɗan gidan Malam, kana tuna marigayi a bakin karofi?"

Yaya zan manta. Mahaifin Alhaji marini ne a Ƙofar Mata, hannunsa shuɗi ne har gwiwar hannu, kuma haka aka binne shi. Sana'a ce da ta ɗaga sunan garin nan. Baturen nan na Jamus, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda rinannun tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Muna yara mukan tsaya muna kallon rijiyoyin, kowace ta fi tsayin mutum zurfi, an zuba baba da toka da ruwa an bar su kwanaki har su nuna, kumfa ya taso sama, wari ya cika wurin. Na ce, "Ina tunawa, Iya. Allah ya jiƙansa."

Ta ce, "Amin. Wata shekara, kafin a haifi ƙannen wancan, wani bafatake ya zo masa da rawani fari. Ƙyalle mai kyau, mai tsada, irin wanda in ka taɓa ka san an zuba kuɗi. Ya ce yana so ya yi baƙi ƙirin, yana ƙyalli kamar ɗan Kura irin wanda Buzaye ke naɗawa. Tun ba a yi ciniki ba ya ajiye kuɗi ninki biyu. Sai ya samu dutse ya zauna yana kallo. Ya ga an tsoma, an ɗaga, an matse, an warware wa iska, an jira, an sake tsomawa. Ya ga an sake ɗagawa. Ya lura rabin lokacin rawanin nan a waje yake. Sai ransa ya ɓaci. Ya ce, 'Ni kuɗin rini na biya, ba kuɗin shanya ba. Ku danna shi can ƙasa ku ɗora masa dutse, ya kwana uku a ciki.' Marigayi ya ce ba haka ake yi ba. Ya ce ai da kuɗinsa. Aka yi masa yadda yake so."

Ta ja carbi biyu.

"Ranar da ya zo ɗauka ko warwarewa bai bari an yi ba, wai yana sauri. Aka ciro, ya matse, ya dunƙule, ya cusa cikin burgami, ya ɗaure baki. Da ya isa gida ya jefa shi cikin adaka a ɗakinsa, inda yake jera tulunan mai, don fataucin man gyaɗa yake yi. Ran salla aka ciro rawani. Ya yi dabbare-dabbare, nan shuɗi-shuɗi, nan fari-fari, ga tabon maiƙo, ga warin ruma. Aka sa shi a ruwa, ɗan abin da ya kama ma ya zube.

"Ya ce marinan Ƙofar Mata sun cuce shi. Ya kai wani karofin, ya ba su irin umarnin, ya kwaso irin abin da ya kwasa. Ka san kuma inda maiƙo ya zauna baba ba ya shiga. Ya kai na uku. Daga nan ya ce ai Kano kaf an daina rini, ya ɗauki hanya har Kura. A can ya samu wani tsoho. Tsohon ya karɓi rawani, ya juya, ya shinshina. Ya ce, 'Rijiya nawa ya shiga?' Ya ce, 'Uku, duk macuta.' Tsoho ya ce, 'Ruwansu ba shi da laifi, ina jin ƙanshinsa. A ina kake shanya shi?' Ya ce, 'Ina na ga lokacin shanya, ni mutum ne mai harkoki.' 'A ina yake kwana?' 'A ɗakina.' 'Me kake sayarwa?' 'Mai.'

"Sai tsoho ya naɗe rawanin, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, 'Riƙe kuɗinka, ɗana. Abin da ke fitowa daga rijiya kore-kore ne. Iskar da ya tarar a waje ita ke mai da shi shuɗi, shi ya sa muke tsomawa muna ɗagawa. Ko sau ɗari na tsoma maka shi, ɗakinka zai koma.'"

Ta yi shiru. Na jira, na ga ba ta da niyyar ƙarawa, na ce, "Iya, to yaya aka ƙare?"

Ta ce, "Na ji an ce ya nufi Zariya da shi. Ku ci tuwonku kada ya huce."

Hannun Alhaji yana cikin kwano, amma ya daɗe bai kai loma baki ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda aka yi dominsa ma ya sani. Can ya jawo buta ya wanke hannu, ya miƙe, ya ce, "Iya, sai da safe." Ta dube ni ta ce, "Ka gaida mutanen gida."

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Na kwanta ina lissafi. Mako awa 168 ne. Islamiyyar yamma awa biyu ce, kwana biyar, awa goma ke nan. Ko ka haɗa da ajin hadda ka ninka, sauran awowin fa, a gaban wa yaro yake, muryar wa yake ji, wa yake kallo in an buga ƙofa an ce ana sallama da mai gida? Ni ma ina da 'ya'ya a Islamiyya, ni ma na sha miƙa kuɗin wata ina jin na sauke nauyi.

Sai na tuna wani abu da Iya ta yi muna samari. Wata 'yar jikarta tana kuka a tsakar gida, ta ce mata, "Zo in ba ki abu." Yarinya ta zo ta yi shiru ta kwanta a cinyarta, har ta manta. Amma Iya ta ɗaga ta, ta miƙe da ciwon gwiwarta, ta shiga ɗaki ta yi ta bincike cikin kwalla har ta samo dabino ɗaya ta sa mata a hannu. Muka yi dariya. Ta ce ba abin dariya ba ne. Ta ba mu labarin matar da ta kira ɗanta da irin wannan alkawari a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Iya ba ta taɓa zama a benci a gaban allon bango ba. A ɗakin uwarta ta ji wannan hadisi, ta kuma ga ana aiki da shi. Na karanta shi daga baya cikin Sunan na Abu Dawuda, amma har yau in ya faɗo mini a rai dabinon nan nake gani a tafin yarinya.

A cikin littafin nan dai aka ruwaito umarnin a hori yara da salla in sun kai shekara 7, kuma waɗanda aka fuskanta da maganar su ne masu 'ya'yan. Wasiyyar da ke cikin Suratu Luƙman uba ne yake yi wa ɗansa, ta faro daga tauhidi ta gangaro har yadda ake tafiya a hanya da yadda ake sassauta murya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Da ya girma, cikin Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke tara ɗalibai a zaure suna karantarwa alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a bayan katanga. Bai tsaya a faɗa ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara 'Yan Taru, tana naɗa jajoji suna kai karatu ƙauyuka, ga matan da ke cikin gidaje suna goyo da girki. In malamai masu zaure cike da ɗalibai ba su tsira daga wannan zargi ba, ina ga mu da muke tsaya a ƙofar makaranta mu miƙa yaro mu juya?

Kuma na tausaya wa malamin nan matashi. An kawo masa ƙyalle ya tsoma, ya tsoma da gaskiya, an zo ana yi masa tsawa a kan tabarmarsa.

Alhaji bai sake ta da maganar makarantar kwana ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ran Alhamis ta sama na shiga Kwari zan saya wa mai ɗakina yadi, na biya ta shagonsa. Yaron yana nan kan tulin shadda. Alhaji yana duƙe kan littafin bashi yana danna waya. Sai ga wata mata da 'yarta suna haɗa kayan biki. Ta ɗaga wata atamfa mai ruwan goro, ta murza bakinta tsakanin yatsu, ta ce, "Wannan Holan ce?"

Yaron ya yi wuf ya diro. "Wallahi Hajiya..."

Hannun uban ya sauka a kafaɗarsa. Ba da ƙarfi ba. Ya ajiye wayar, ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Ba Holan ba ce, Hajiya. 'Yar Caina ce, zanen aka kwaikwaya. Ba ta da laifi a kuɗinta, amma kada ki saya da sunan Holan. Wadda kike nema ta ƙare mana."

Matar ta dube shi, ta dubi atamfar, ta ajiye. Ta ce, "To bari mu zaga." Muna kallo suka shiga shagon da ke kallon nasa, muna jin mai shagon ya tarbe su da rantsuwa. Yaran Alhaji biyu suka dubi juna, ba wanda ya yi murmushi.

Yaron ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ai da ta saya."

Alhaji ya ɗauki atamfar yana ninkewa a hankali, ya daidaita bakinta, ya mayar cikin leda, ya ɗora a inda take. Ya ce, "Na sani."

Daga masallacin layin aka kira la'asar. Yaron ya koma zai hau tulin shadda, don ya saba shi ake bari tsaron shago. Uban ya ce, "A'a. Ɗauko buta biyu."